Ciwon zuciyar masu jego a yammacin Zamfara: daga ina, zuwa ina?

A bakin mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum, idan aka ce mace tana da ciwon zuciya, abin da ke fara zuwa rai shi ne baƙin cikin miji ko na kishiya. Shi ya sa idan mai jego ta kama haki, ƙafafunta suka kumbura, tari ya hana ta kwanciya sai ta jingina, ba a kawo zuciya a lissafi. Sai a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta. Alhali waɗannan su ne alamomin raunin zuciyar da ke kama mace a ƙarshen goyon ciki ko watannin farko bayan haihuwa.

Ƙasar Hausa na cikin inda wannan ciwo ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry suka gano a Zariya cewa yana kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu. Binciken Isezuo da Abubakar a Sakkwato a 2007 ya sami adadi kusan iri ɗaya.

A da, wankan jego da kunun kanwa aka ɗora wa laifin. Akwai ƙamshin gaskiya: gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Amma binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitocin Najeriya ya karkata ga talauci, rama, rashin karatu, hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyom. Wato al'ada tana iya ƙara gishiri a gyambo, amma gyambon ya riga ta zuwa.

Yankin nan kuma yana da nasa ƙarin nauyi. Gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan haƙar zinariya irin su Bagega, Dareta da Yargalma ta kashe yara sama da 400. Dalma tana maƙalewa a ƙashi, ta koma cikin jini lokacin ciki da shayarwa, kuma tana tayar da hawan jini. 'Yan matan da suka tsira a wancan lokaci, yau su ne amare da masu goyo. Ga 'yan bindiga sun hana noma, sun tare hanya. Awon ciki ya yi wuya, balle tafiya Gusau ko Sakkwato don hoton zuciya.

Sakamakon ba ya tsayawa kan uwa. Idan ta kwanta, nono ya ragu, jariri ya shiga haɗari. Idan ta sake ɗaukar ciki zuciya ba ta murmure ba, ciwon kan dawo da ƙarfi. Amma wadda aka kai asibiti da wuri, magani yana iya dawo mata da ƙarfin zuciyarta.

Don haka wayar da kai ba yaƙi da tukunyar wanka ba ne. Mai jego ba ita ke yanke shawarar zuwa asibiti ba. Uwarta, surukarta, ungozoma da maigida ne. Su ya kamata saƙon ya tarar, a rediyo, a masallaci, a gidan suna: haki da kumburi bayan haihuwa na likita ne, ba na murhu ba.