Gasar hotunan namun daji da shimfiɗar ƙasa: Abin da alƙalai ke bincika kafin su ba da kyauta

A watan Afrilun 2018, Gidan Adana Kayan Tarihin Halittu da ke Landan ya janye kyautar da ya bai wa wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Brazil, Marcio Cabral, a gasar Wildlife Photographer of the Year ta 2017. Hoton da ya ci kyautar ya nuna wata dabba mai dogon baki da ke cin gara da tururuwa, mai kama da dabgi, tana jingine da wani suri cikin dare a gandun dajin Emas, surin yana walƙiya da hasken tsutsotsin wani ƙwaro. Masana kimiyya biyar da aka bai wa aikin binciken sun ce alamu masu ƙarfi sun nuna dabbar ba mai rai ba ce, fata ce da aka cika aka ɗinke, wadda ake ajiye da ita a ɗaya daga cikin ƙofofin shiga gandun. Cabral ya musanta zargin. Sai dai da aka duba hotunan da kyamararsa ta ɗauka kafin wannan da kuma bayansa, ba a ga dabbar a ko ɗaya ba.

Ba wannan ne karo na farko ba. A 2009 ɗan ƙasar Sifaniya José Luis Rodríguez ya lashe babbar kyautar gasar, mai ɗauke da fam 10,000, da hoton kyarkeci yana tsallake ƙofar shinge. A watan Janairun 2010 aka karɓe kambun, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin na gida ne da aka horar. Shi ma bai amince da hukuncin ba.

Waɗannan misalai biyu sun isa su nuna wa duk mai niyyar shiga irin wannan gasa inda gizo ke saƙa. Kyawun hoto shi ne ke kai shi gaban alƙalai, amma yadda aka same shi ne ke tabbatar masa da kyautar ko ya raba shi da ita.

Gasar ta Landan, wadda aka fara a 1965, tana cikin mafiya daɗewa da girma a wannan fanni. A 2024 an aika mata da hotuna 59,228 daga ƙasashe da yankuna 117, kuma 100 kawai ake zaɓa a baje kolinsu. Akan buɗe karɓar hotuna a watan Oktoba a rufe a farkon Disamba. Yara 'yan shekara 17 zuwa ƙasa suna da nasu rukunin, ba sa biyan komai, kuma a shekarun baya-bayan nan masu shirya gasar sun ɗage kuɗin shiga ga mazauna ƙasashen Afirka.

Abu na farko da ake nema daga wanda hotonsa ya kai zagayen ƙarshe shi ne ainihin fayil ɗin da kyamara ta adana, wanda ake kira RAW, ko asalin hoton da ba a taɓa shi ba. Alƙalai sukan jera shi da wanda aka aika musu, su ga abin da aka sauya. An yarda a gyara haske da duhu, a daidaita launi, a rage gefen hoto, a share ɗigon ƙurar da ta zauna a cikin kyamara. Ba a yarda a cire wani abu ko a ƙara ba. Reshen da ya gitta gaban tsuntsu, ko wayar lantarki da ta ratsa saman dutse, dole a bar su yadda suke, ko a sake wurin tsayawa tun lokacin ɗauka.

A nan ne masu ɗaukar hoto da yawa a Nijeriya ke iya yin asara ba tare da sun yi wani maguɗi ba. Mutum ya ɗauki hoto mai kyau, ya tura wa abokai ta WhatsApp, daga baya wuri ya cika a waya ko katin kyamara ya goge na asalin. Wanda ya rage a WhatsApp an matse shi, ingancinsa ya ragu, bayanan da ke ɗauke da ranar ɗauka da nau'in kyamara sun tafi. Irin wannan ba ya zama hujja. Abin da ya dace shi ne a adana na asalin a wuri biyu, tare da hotunan da aka ɗauka kafinsa da bayansa, domin su ne shaidu idan tambaya ta taso.

Tsananin binciken ya ƙaru tun bayan bayyanar manhajojin ƙirƙirarriyar basira. A 2023 Bajamushe Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar da aka ba shi a gasar Sony World Photography Awards, yana mai bayyana cewa kwamfuta ce ta ƙirƙiri hoton. Mai amfani da waya ma sai ya yi hattara, don wasu wayoyin zamani suna da maɓallin goge abu daga hoto ko sauya sararin sama, kuma taɓa shi sau ɗaya na iya fitar da hoto daga gasa.

Sai batun dabbar kanta. Ƙa'idar gasar ta Landan ta hana gabatar da dabbar da ke tsare ko wadda aka horar a matsayin ta daji, ta kuma hana janyo dabba da wata dabba mai rai a matsayin tarko. Wanda ya jefa wa gwaggon biri abinci a Yankari don ya matso kusa, ko ya kori garken tsuntsaye a dausayin Hadeja da Nguru don ya same su a sama, ya shiga abin da alƙalai ke ƙyama, ko da hoton ya yi kyau. Abin da ake sakawa da kyauta shi ne haƙuri. Sergey Gorshkov na Rasha, wanda ya yi nasara a 2020 da hoton damisar Siberiya tana rungume da bishiya, ya shafe fiye da watanni 11 yana ɗana kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu kafin ya samu wannan guda ɗaya.

Ba lallai ne a nemi dabba mai ban tsoro ba. Shane Gross na Kanada ya lashe gasar 2024 ne da hoton talibambam suna iyo a wani tafki. Alƙalan da suka ga dubban hotunan zaki da giwa daga Kenya da Tanzaniya ba safai suke ganin tsaunin Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419 a gandun dajin Gashaka-Gumti ba, ko hazon safiya a tsaunin Mambila, ko raƙuman dawan Kure a Jamhuriyar Nijar. Hazon hunturu da ke disashe nesa, wanda mutane ke ɗauka cikas, yakan ba da wani laushin haske da hantsi ko gab da faɗuwar rana wanda ba a samunsa a ko'ina. Mai son ɗaukar shimfiɗar ƙasa daga sama da jirgi maras matuƙi kuwa, sai ya fara samun izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya da amincewar ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro.

Bayanin da ake rubutawa tare da hoto shi ma ana auna shi. A faɗi wurin, da sunan dabba ko tsiro daidai, da yadda aka ɗauka, ba tare da ƙarin gishiri ba.

Akwai kuma sashen da mutane ke tsallakewa a takardar ƙa'idoji, wato na haƙƙin mallaka. A manyan gasanni hoto yana nan na mai shi, masu shiryawa suna samun damar amfani da shi ne wajen baje koli da tallar gasar. Gasar Wiki Loves Earth, wadda ta faro daga Yukren a 2013 kuma 'yan Nijeriya ke shiga, tsarinta daban ne: ba a biyan kuɗi, amma duk hoton da aka ɗora an sake shi ga kowa ya yi amfani da shi, har a harkar kasuwanci, muddin ya ambaci sunan mai shi ya kuma bi sharuɗɗan lasisin, kuma ba a janye wannan izini bayan an bayar. Wanda ke fatan sayar da wani hoto nan gaba, sai ya yanke shawara a kansa kafin ya ɗora shi.