Matatar ruwa ba ta aiki sai da ƙarfin turi

Mutanen Tsibirin Gobir, cikin gundumar Gidan Rumji, ba su mance da masifar da ruwan famfo ya jawo musu ba. Daga 1985 zuwa 2000 sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da kima, har dubban yara suka sami lalacewar haƙora da lanƙwasar ƙashi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ya wuce miligiram 1,5 cikin lita guda, amma na Tsibiri ya ninka haka fiye da sau 3.

Tafasa ruwa ko tace shi da ƙyalle ba ya raba shi da wannan sinadari. Akwai dai wata matata ta gida, wadda masana ke kira osmoz, mai iya tsare mafi yawansa. A cikinta akwai tantani mai ƙofofi ƙanana ƙwarai, wanda ruwa ba ya ratsawa sai an tura shi da ƙarfi.

Ana auna wannan ƙarfi da ma'aunin da ake kira bar. Matatar gida tana bukatar wajen bar 3 kafin ta kama aiki, ta fi kuma kyau a bar 4. Tankin da aka ɗaga mita 10 sama, bar 1 kaɗai yake bayarwa. Ke nan tankin kan soro, kome girmansa, bai isa ba, domin tsawo ke ba da ƙarfi, ba yawan ruwa ba. In ƙarfi ya kasa, ruwa mai kyau sai ya riƙa ɗiga, mafi yawa ya zube a banza, tacewar ma ta ragu.

Maganin abin shi ne a fara sa agogon awo a bakin tiyo. A duba ƙananan matatai na farko, a canza su in yashi ya toshe su. In har ƙarfin bai kai ba, sai a haɗa ɗan injin turi kafin tantanin. Inda babu lantarki, faifan hasken rana da batir na iya tafiyar da shi.

Saboda haka ana jan hankalin magidanta da shugabanni a Agye, Gazawa da Gidan Rumji: kafin a sayi matata, a nemi ma'aikatan ruwa su gwada ruwan, a kuma auna ƙarfinsa. Fuluwor ba shi da launi ko wari. Gwaji kaɗai ke tona shi.