Ciwon muƙamuƙi a Arewacin Kamaru: lafawar zogi ba waraka ba ce

A Garwa, haka a Pitoa ko Lagdo, wanda muƙamuƙi ya hana barci yakan fara neman mai tallar magani kafin ya tuna da asibiti. Ya sayi farasitamol ko dikilofenak, wani ma taramol, ya cusa kanumfari a kogon haƙori, ya jira. Bayan kwana biyu ko uku zogin ya kwanta, sai ya ce ya samu sauƙi. Lissafin da ya yi shi ne na auna haɗarin ciwo da tsananin zafinsa, kuma wannan lissafi ke jawo wa mutane asarar haƙori, wani lokaci har da rai. A baki da muƙamuƙi zafi ba amintaccen ma'auni ba ne. Akwai ciwon da ke sa babban mutum kuka amma ya wuce da kansa, akwai kuma kumburin da ba ya zafi ko kaɗan alhali shi ne mai kisa.

Mafi yawan ciwon muƙamuƙi daga haƙori yake tasowa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki, ruɓewar haƙori ce kuma kan gaba. Babu wata tsutsa a cikin haƙorin, duk da abin da ake faɗa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin sukarin da ya maƙale, na shayi ne ko na lemon kwalba ko alewa, su mayar da shi ruwa mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙori a hankali. Idan ramin ya kai ga jijiyar da ke tsakiya, nan ne ake jin zogin nan mai harbawa zuwa kunne. Daga nan jijiyar sai ta mutu, ciwo ya ɗauke, mai haƙori ya yi hamdala. Amma ƙwayoyin cutar ba su je ko'ina ba. Sun bi saiwar haƙorin sun shiga ƙashin muƙamuƙi, suna tara mugunya. Saiwoyin turamen ƙasa na can ƙurya suna kusa da ƙasan harshe da wuya, shi ya sa mugunyar kan iya gangarawa can, ta kumbura ƙarƙashin haɓa, ta tura harshe sama har ta toshe hanyar numfashi. Wani likita Bajamushe, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana wannan hali tun 1836, har yau kuma yana kashe mutane a inda ake jinkiri. Duk wanda haɓarsa ta kumbura ta yi tauri, ga zazzaɓi, ga wahalar haɗiyar yawu ko buɗe baki, muryarsa ta sauya, ba na jiran wayewar gari ba ne. Asibiti mafi kusa za a kai shi a daren.

Wani zai ce ai ba kowane ciwon muƙamuƙi ne na haƙori ba, kuma da yawa sukan warke ba tare da an ga kowa ba. Gaskiyarsa. A gaban kowane kunne akwai gaɓar da muƙamuƙi ke juyawa a kai, ita da naman da ke motsa ta sukan gaji. Mai cizon haƙora cikin barci, mai damuwa a zuciya, wanda ya zubar da turame a gefe guda ya koma tauna kilishi da goro da ɗaya gefen, duk sukan tashi da muƙamuƙi a ƙage, wani har yana jin ƙas-ƙas idan ya yi hamma. Irin wannan yakan sauka da hutu, abinci mai laushi da gashin ruwan ɗumi. Mura mai toshe kogon hanci takan sa haƙoran sama su yi nauyi, hangum kuma kan kumbura kumatun yara ya wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Ba wanda zai ce a baro Tcholliré zuwa Garwa saboda waɗannan. Sai dai wannan hujja ƙarfafa batun take yi: tun da dalilan sun bambanta, alamun da ke tare da ciwon ne abin dubawa. Haƙorin da ke amsawa idan ruwan sanyi ko na zafi ya taɓa shi, ko yake zafi wajen tauna, dasashi mai jini ko ƙurji, haƙorin ƙarshe da ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25 ya maƙale rabi a cikin nama, gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, duk na likitan haƙori ne cikin 'yan kwanaki, ko da zogin ya lafa.

Akwai kuma wanda likitan haƙori ma ba shi ne farkon wanda za a nema ba. Ciwon da ya taso daga ƙirji ya hau wuya da muƙamuƙi, da gumi da haki, musamman ga dattijo ko mai hawan jini ko ciwon sukari, yana iya zama zuciya ce. Manomin auduga da fartanya ta sare shi makon jiya, yau kuma bakinsa ya ƙi buɗuwa, ana tsoron cutar sarƙe-haƙora. Wanda ya faɗi daga babur ya ga haƙoransa na sama da na ƙasa sun daina haɗuwa daidai, wataƙila ƙashin ya karye.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne na yara. A 1958 likita Denis Burkitt, yana aiki a Uganda, ya bayyana wani nau'in ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, Kamaru na cikinsu. Kumburin yana girma da sauri ƙwarai, haƙora su yi ta girgiɗi, sau da yawa kuma yaron ba ya kukan zafi da farko, sai iyaye su ɗauka hangum ne ko sabon haƙori. Yana jin magani idan an zo da wuri. Ita kuwa cutar noma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023, takan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ko ƙyanda ta raunana. Daga dasashi mai jini da warin baki take farawa, cikin kwanaki ta ci kunci. A Sakkwato akwai asibiti sukutum da aka buɗe dominta a 1999. A matakin farko kuwa tsaftar baki, abinci da maganin kashe ƙwayoyin cuta sun isa su tsayar da ita.

Hujjar masu jinkirin zuwa asibiti da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi da nisa, kuma ba a kawar da ita da baki. Galibin likitocin haƙori na Kamaru suna Yawunde da Duwala. Mutumin Poli ko Touboro sai ya haɗa kuɗin mota da na masauki kafin na likita. Kashin farko na shirin kiwon lafiya ga kowa da gwamnati ta ƙaddamar a 2023 ya fi karkata ga mata masu ciki, ƙananan yara, tarin fuka, cuta mai karya garkuwar jiki da wankin ƙoda. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da tsangayar koyon aikin likita, amma cike giɓin zai ɗauki shekaru. Duk da haka, jinkiri ba ya rage kuɗin, ninka shi yake yi. Ramin da za a cike a zama guda yakan koma cirewa, cirewa ta koma tsaga wuya da kwanciya a gadon asibiti. Amoksisilin da ake saye a bakin hanya yakan sauke kumburi na ɗan lokaci, amma jini ba ya shiga mataccen haƙori balle magani ya kai can, don haka mugunyar na dawowa. Dikilofenak na yau da gobe kuwa ciki da ƙoda ke biyan kuɗinsa. Inda babu likitan haƙori, ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya leƙa baki ya faɗi ko abin na jira ne ko na tafiya.

Masu kare magungunan gargajiya su ma ba a banza suke magana ba. Man kanumfari yana kashe zafi da gaske, likitocin haƙori ma suna amfani da sinadarinsa, aswaki kuma yana wanke haƙori tas idan an iya shi. Matsalar tana wajen dogaro da su bayan rami ya riga ya buɗe, da kuma miƙa baki ga mai cire haƙori a kasuwa da awartakin da ba a dafa ba, wanda kan bar guntun saiwa a ciki ko ya ɗauko ciwon hanta daga bakin wani. Tsoron da ake yi cewa cire haƙorin sama yana makantarwa ba shi da tushe, jijiyar gani dabam take. Haka mace mai ciki: ana yi mata allurar kashe zafi a dasashi, a cike mata haƙori ko a cire, kuma mugunyar da aka bari a muƙamuƙinta har ta haihu ta fi allurar haɗari gare ta da abin da ke cikinta.