Wa Ke Tace Abin Da Ke Cikin Wayar Baba?

 Yau maganar yaranmu za mu yi, da irin faɗa da zubar da jinin da idanunsu ke gani a talabijin da waya, da kuma wanda alhakin hakan ya rataya a wuyansa.

Bari mu fara leƙawa Amurka. A shekarar 1961, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya tara yara 72, maza 36 mata 36, 'yan shekara uku zuwa shida. Ya sa wasu daga cikinsu suka zauna suna kallon wani babba yana jibgar wata 'yar tsana ta roba da aka hura wa iska, irin wadda in ka ture ta sai ta sake miƙewa. Ya naushe ta, ya haure ta, ya kwaɗa mata guduma, yana yi yana surfa mata maganganu. Da aka bar yaran da 'yar tsanar, sai ga su suna yin abin da suka gani, har kalmomin bakin mutumin suna maimaitawa. A 1963 ya sake gwajin, a wannan karon ta hanyar fim, kuma yaran suka kwaikwaya kamar dā.

Gwajin da ya yi a 1965 shi ne ya kamata iyaye su kasa kunne a kai. Wasu yara sun ga an yaba wa mai dukan har an ba shi alewa, wasu kuma sun ga an tsawata masa. Waɗanda suka ga tsawar ba su kwaikwaya sosai ba. Amma da aka ce duk wanda ya nuna abin da mutumin ya yi zai samu kyauta, sai kowa ya iya. Ashe duk sun koya, ganin an ƙi abin ne kawai ya riƙe hannun wasu.

Kada dai mu wuce gona da iri. A 2015, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce wasannin kwamfuta na faɗa suna da alaƙa da ƙaruwar zafin rai da raguwar tausayi, amma babu isasshiyar hujjar cewa su ke mayar da yaro mai aikata manyan laifuka. Wanda ya san yadda ake zama ɗan daba ya san akwai ƙwaya a ciki, akwai zaman banza, akwai miyagun abokai, akwai gidan da duka ya zama abincin yau da kullum.

A nan gida, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sanar a 2021 cewa ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fina-finai. To, madalla. Hukumar na iya riƙe fim ɗin Kannywood, tana iya rufe gidan kallo. Amma ina ikonta a kan wasannin PUBG da Free Fire da yaro ke bugawa cikin bargo da tsakar dare? Ina ikonta a kan kokawar Amurka da yara ke gwadawa a kan ƙannensu?

Mafi munin abin da yaro ke gani ma ba fim ba ne. Bidiyon gaske ne: gawarwakin waɗanda 'yan bindiga suka kashe, hatsarin mota, ɓarawon da jama'a suka rufe da duka. Ta WhatsApp yake shigowa, ya zauna a wayar Baba ko ta Umma. Umma na fama da girki, yaro na kuka, sai a ce, "Ungo, je ka kalli katun." Minti biyu ya fita daga katun ɗin. Shi kuwa Baba, a majalisa ake miƙa waya hannu zuwa hannu, ana ƙyalƙyala dariya ana cewa, "Maganinsa ke nan!" Yaron da ke tsaye a gefe ya ga duka, ya kuma ga an yaba wa mai dukan, kuma mahaifinsa ne ya yaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Mu tambayi kanmu awa nawa namu ke yi.

Don haka iyaye maza, iyaye mata, yayye da kakanni, yau da daddare ku buɗe wayoyinku ku goge irin waɗannan bidiyoyi, ku kashe saitin da ke sa su sauka da kansu, ku daina tura su gaba. In ana kallon fim aka zo wurin duka ko kisa, kada ku yi shiru, ku faɗa wa yaro a take cewa wannan ba daidai ba ne, ku tambaye shi me ya fahimta.