Babur mai ƙafa uku

A Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, duk inda mutum ya waiwaya sai ya ga babur. Wasu suna ce da shi moto. Ma'aikaci yana hawansa zuwa wurin aiki. Ɗan kasuwa yana ɗaukar kaya da shi. Ɗan kabu-kabu kuma da shi yake neman abinci.

A cikin baburan nan akwai wani iri dabam. Ƙafafunsa uku ne: ɗaya a gaba, biyu a baya. Ba haka ya fito daga masana'anta ba. Makanikai da masu walda na cikin gari su ne suke haɗa shi, domin mutanen da ƙafafunsu ba su da ƙarfi. Da yawansu shan-inna ce ta kama su tun suna yara. A shekarar 2020 aka bayyana cewa an kawar da asalin ƙwayar wannan cuta daga Afirka, albarkacin rigakafi. Amma waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan cikin jama'a. Ga irin wannan mutum, babur ya fi abin hawa. Shi ne ƙafarsa. Da shi zai tafi kasuwa, da shi zai kai ɗansa makaranta, ba sai ya jira wani ya ɗauke shi ba.

Asalin babur

A ƙasar Jamus aka fara ƙera babur mai aiki da esansi. A shekarar 1885 wasu mutum biyu, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, suka ɗora ɗan ƙaramin inji a kan keke na itace. A shekarar 1949 aka fito da Mobylette a Faransa, wadda mutanen Nijar suka daɗe suna hawa. A shekarar 1958 kamfanin Honda na Japan ya fito da Super Cub. Kafin ƙarshen 2017 an ƙera fiye da miliyan 100 na irinsa. Daga baya baburan Sin da na Indiya suka cika kasuwanni.

Sassan babur

Babur yana da manyan sassa guda biyar. Na farko shasi, wato ƙarfen da yake riƙe da kome, kamar yadda ƙashi yake riƙe da jikin mutum. Na biyu inji, mai ba da ƙarfi. Na uku giya da sarƙa, masu kai ƙarfin ga ƙafar baya. Na huɗu burki, mai tsayarwa. Na biyar kayan wuta: batir, da fitilu, da oda.

Yadda inji yake aiki

A cikin inji akwai wani rami mai kama da turmi, sunansa silinda. A cikin silinda akwai pistan, mai hawa da sauka kamar taɓarya. Yawancin baburan yanzu injinsu mai taki huɗu ne.

Taki na ɗaya: pistan ya sauka, ya zuƙo iska gauraye da esansi.
Taki na biyu: pistan ya hau, ya matse su sosai.
Taki na uku: buji ya ba da tartsatsi, esansin ya kama wuta, ya tura pistan ƙasa da ƙarfi.
Taki na huɗu: pistan ya sake hawa, ya kori hayaƙi ta salansa.

A cikin takin nan huɗu, na uku kaɗai ne yake ba da ƙarfi. Inji ya fi shan iska bisa ga esansi: giram 1 na esansi yana bukatar wajen giram 15 na iska kafin ya ƙone da kyau. Shi ya sa lokacin hunturu, idan ƙura ta toshe matatar iska, sai babur ya yi ta shan mai, ƙarfinsa kuma ya ragu.

Aikin haɗawa

Makanike ba ya ƙera inji da kansa. Babur mai ƙafa biyu yake samowa, sabo ko na hannu, ya sake masa siffa.

Da farko yana auna mai babur: tsawonsa, da nauyinsa, da inda hannunsa yake kaiwa. Yana tambayarsa ta wane gefe ya fi jin sauƙin hawa. Ɗinkin wani ba ya yi wa wani daidai, haka ma wannan babur.

Daga nan sai ya kwance ƙafar baya. Mai walda ya yanko bututun ƙarfe mai kauri, ya ƙara wa shasi faɗi ta baya. A gicciya sandar ƙarfe, a sa mata rulma, wato zobe mai ƴan ƙwallayen ƙarfe a ciki, domin ta riƙa juyawa ba gardama. A kowane bakin sandar a ɗaura ƙafa guda. Tilas ƙafafun biyu su miƙe sak, su yi daidai da ta gaba. In ɗaya ta karkace ko kaɗan, babur zai riƙa ja gefe guda, taya kuma ta cinye da wuri.

Sai maganar sarƙa. Sarƙa tana zagaye faifai biyu masu haƙora, ƙarami a jikin inji, babba a baya. Idan ƙaramin yana da haƙora 14, babban yana da 42, to sai ƙaramin ya juya sau 3 kafin babban ya juya sau 1. Ƙafa ta uku da ƙarin ƙarfe sun ƙara wa babur nauyi. Saboda haka makanike yakan sa faifan baya mai haƙora da yawa. Gudu ya ragu, amma ƙarfin ja ya ƙaru, musamman cikin rairayi.

A babur mai ƙafa biyu, da ƙafa ake sa giya, da ƙafa ake taka burkin baya. A nan kuwa sai a mai da su hannu. Ana haɗa doguwar sanda da giya, ta taso kusa da tanki. Burkin baya ma a yi masa marikin hannu. A tabbatar batir yana da ƙarfi, domin a riƙa tayar da inji da maɓalli. A ƙarshe a yi wurin ajiye sanduna, da ɗan akwatin kaya.

Matsalar kwana

Mai babur mai ƙafa biyu, in zai sha kwana, yakan kwanta kaɗan ta gefen da zai bi. Mai ƙafa uku ba ya iya kwantawa. In ya shiga kwana da gudu, ƙafar ciki takan ɗaga, babur ya kife. Maganin wannan abu uku ne: a yi mazauni ƙasa-ƙasa, a ba ƙafafun baya isasshen faɗi, mai tuƙi kuma ya rage gudu tun kafin ya kai kwana.

Akwai wata matsala kuma. A cikin kwana, ƙafar waje ta fi ta ciki doguwar tafiya. Misali, idan tsakanin ƙafafun santimita 80 ne, babur kuma ya yi zagaye guda cikakke, ƙafar waje za ta fi ta ciki tafiya da wajen mita 5. In an ɗaure su biyun gam a sanda guda, sai ɗaya ta riƙa jan ƙasa. Don haka wasu makanikai ƙafa ɗaya kawai suke haɗawa da sarƙa, su bar ɗayar tana juyawa da kanta. Wasu kuma sukan sa wata na'ura irin ta mota, mai barin kowace ƙafa ta yi gudun da ya dace da ita.

Gwaji

Ba a fita hanya ranar da aka gama walda. Sai an je fili tukuna. A ɗora kaya mai nauyin mutum, a duba ko walda ta tsage. A gwada burki, a ga ko ƙafafun baya suna kamawa tare. A kunna fitilar gaba, da jar fitilar baya, da fitilun kwana. A danna oda, a daidaita madubi. Walda mai rauni ba ta nuna kanta a garaji. A kan hanya take karyewa, sa'ad da babu mataimaki.

Takardu

Ko babur ya yi kyau yaya, hanya ta kowa ce, kuma tana da doka. Ga takardun da ake bukata.

Ta farko, takardar saye. Ita ce shaidar cewa babur ba na sata ba ne.

Ta biyu, takardar duwan. Daga ƙasashen waje baburan suke shigowa, wannan takarda ita take nuna an biya kuɗin fito.

Ta uku, kartagiriz. Ita ce kamar takardar haifuwa ta babur. Ma'aikatar sufuri take bayar da ita. A cikinta akwai sunan mai babur, da irin babur, da lambar shasi. Wannan lamba a jikin ƙarfe take, yawanci a wuyan babur. A baburan zamani tana da baƙaƙe da alƙaluma 17, kuma ba a sa I, da O, da Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 ko 0. Makanike mai hankali ba ya yanke wurin, ba ya walda a kansa. In lambar ta ɓace, babu mai iya tabbatar da ko babur na wane ne. Kuma tun da an sake wa babur siffa, ya kamata a kai shi ga ma'aikatan sufuri su duba, domin abin da ke cikin takarda ya yi daidai da abin da ke kan hanya.

Tare da kartagiriz ake samun lambar da ake liƙawa a bayan babur. Ba a rufe ta, ba a barin laka ta ɓoye ta.

Ta huɗu, asiransi. Mai babur yana biyan kuɗi ga kamfani. In ya buge wani, ko ya ɓata dukiyar wani, kamfanin ne zai biya diyya. Wanda ba shi da asiransi, daga aljihunsa zai biya, wani lokaci har ya sayar da babur ɗin.

Ta biyar, parmi, wato izinin tuƙi. Shi yake nuna mutum ya san dokokin hanya da alamunta.

Ƴan sanda a cikin gari, da jandarmomi a kan manyan hanyoyi, suna da ikon neman takardun nan. Wanda ba shi da su, ana iya tsare babur ɗinsa. Ga mai ƙafa biyu lafiyayyu wannan wahala ce. Ga wanda babur ne ƙafarsa, zaman gida ke nan.

A kan hanya

A Nijar hannun dama ake bi. Mai babur ya sa kaske, ya ɗaure igiyarsa a haɓa, gama ƙafa uku ba ta hana kai buguwa. Ya kuma kula da gudu. Mai gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a kowace daƙiƙa. In gudu ya ninka sau 2, tazarar da burki yake bukata kafin babur ya tsaya tana ninkawa sau 4. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum miliyan 1 da dubu 190 suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya.

Babur mai ƙafa uku aikin mutane da yawa ne: makanike, da mai walda, da ma'aikacin da ya duba shi, da mai tuƙi. In kowa ya yi nasa da gaskiya, mai babur ya fita lafiya, ya komo lafiya. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Su wa suke haɗa babur mai ƙafa uku, kuma domin wa?
2. Wane taki ne yake ba inji ƙarfi?
3. Me ya sa ba a walda a kan lambar shasi?
4. Mene ne amfanin asiransi?
5. Faifan gaba yana da haƙora 15, na baya yana da 45. Idan na gaba ya juya sau 60, sau nawa na baya zai juya?