VIGO: GARIN MASUNTA DA YA SAN ZAFIN BAƘUNTA

Birnin Vigo, wanda mutanensa ke kira Bigo, yana bakin Tekun Atilantika a jihar Galisiya, arewa maso yammacin Sifaniya, kusa da iyakar Fotugal. Mutanensa sun kusa 300,000. Arzikinsa kifi ne, sai masana'antar motoci da kamfanin Citroen ya kafa a 1958.

Baƙon da ya sauka, abin da zai fara yi shi ne ya je ofishin hukumar gari ya rubuta sunansa da adireshinsa. Wannan rajista, wadda suke kira padron, ita ce mabuɗin katin asibiti da makarantar yara, ita ce kuma shaidar tsawon zamansa ranar da zai nemi izinin zama. Sai dai ana bukatar takardar haya ko yardar mai gida, don haka mai masauki na kirki ya fi kuɗin aljihu amfani.

Garin kan tudu yake, hawa da gangara. Ruwan sama kuwa daga Oktoba har Maris ba ya ɗaga ƙafa, laima dole ce. Abincin rana sai ƙarfe 2, na dare ƙarfe 9, kuma a tsakiyar shekara rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 10, abin da mai azumi ya kamata ya sani. Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin har miyar ganyensu da kitsen alade ake yinta. Amma kifi yana nan birjik.

Mai son ganin gari ya yi sammako zuwa tashar Berbes, inda ake gwanjon kifi tun kafin asuba, sa'an nan ya hau dutsen Castro ya hango tsibiran Cies a bakin teku. Harshe biyu zai ji, Sifaniyanci da Galisiyanci, wanda ya yi kama da na Fotugal.

Aikin jirgin kamun kifi yana samuwa, 'yan Senegal da Gana da Peru na yinsa, amma ba wasa ba ne. Ran 15 ga Fabrairu 2022 jirgin Villa de Pitanxo, daga Marin kusa da Vigo, ya nutse a teku daura da Kanada. Mutum 21 suka rasu, 3 suka tsira, ɗaya daga ciki ɗan Gana ne.

Mutanen nan ba sa saurin sakin jiki da baƙo, amma sun san halin da yake ciki. Daga wannan tasha kakanninsu suka yi ta shiga jirgi zuwa Ajantina da Kyuba neman abinci, har a Ajantina duk ɗan Sifaniya "gallego" ake ce masa. Suna da kalma ta musamman, morriña, watau kewar gida. Baƙon da ya ambace ta, ba zai rasa mai saurarensa ba.