Me ya sa ba a gane magana kusa da injin niƙa?

Duk wadda ta taɓa kai hatsi niƙa ta san wannan. Tana jin muryar mai injin, tana ganin bakinsa yana motsi, amma ba ta gane abin da yake faɗi. Dalilin yana cikin kunne.

Ƙara iri-iri ce. Akwai kakkaura, kamar ta babbar ganga. Akwai siririya, kamar ta sarewa. Can bayan dodon kunne akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa, bai wuce ƙwayar wake ba. Cike yake da ruwa da ƙananan tsiro masu kama da gashi, wajen dubu 15. Aikinsa rarrabe ƙara. Siririya tana motsa gashin da ke bakin katantanwar, kakkaura kuma tana wucewa can ƙurya. Wani masani ɗan ƙasar Hangari mai suna Békésy ne ya gano haka, har aka ba shi kyautar Nobel a 1961.

In ƙara ba ta da ƙarfi, ɗan wuri kaɗan take motsawa. Kowace tana zaune a wurinta, kamar rumfunan kasuwa. Sai dai kunne ba ya kama kakkaura sosai in ta yi ƙasa. Shi ya sa in an rage rediyo, ganga ce ke fara ɓacewa, muryar mawaƙi ta saura.

In ƙara ta yi ƙarfi kuwa, sai ta bazu ta shiga rumfar maƙwabta. Kakkaura ta fi ɓarna, domin ta bakin katantanwar take bi kafin ta kai ƙurya. Sai ta danne siririya. To, sautin s, sh da f duk sirara ne. In rugugin inji ya danne su, "sata" da "fata" sun zama ɗaya.

Mai kai niƙa za ta koma gida, kunnenta ya huta. Mai injin fa? Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Wanda ke wuni awa 8 kullum cikin ƙarar da ta kai desibel 85, gashin nan yana mutuwa sannu sannu, kuma ba ya sake tsirowa. Masu kama siririyar ƙara ne ke fara tafiya.

Auduga ba ta tare ƙara sosai. Mai injin ya nemi matoshin kunne na roba, ya riƙa fitowa waje yana hutawa, kada ya bar yara su zauna a ɗakin. In kunne yana yi masa kuka bayan an kashe inji, ya tafi gidan likita a duba shi.